Raddi ga Masu Cewa Ba a Sa “-ing” Bayan “To”

Akwai wata ƙa'ida ta Turanci da ta zauna daram a kan yawancin waɗanda suka yi boko a ƙasar Hausa. Ka tambayi ɗan sakandare, ka tambayi akawun ofis, har ma da wasu malaman da ke riƙe da alli, za su karanto maka ita a haddace: idan kalmar “to” ta zo, aikatau ɗin da ke biye da ita tsurarsa yake zuwa, ba a liƙa masa “-ing”, ba a liƙa masa “-ed”. Saboda wannan ƙa'ida, da zarar sun ga wasiƙar da aka rufe da “I look forward to hearing from you”, sai hannu ya kai ga biro. A soke “hearing”, a rubuta “hear”, mai gyaran kuma ya tashi da yaƙinin cewa ya fitar da ɗan'uwansa kunya.

Niyyar mai kyau ce, ba na shakka. Amma gyaran ɓarna ne. “I look forward to hearing from you” ita ce daidai, “I look forward to hear from you” kuwa kuskure ce a Turancin da ake koyarwa a makarantu, ake kuma jarrabawa da shi, a Ingila ne ko a Amurka ko a nan gida. Ina faɗin haka cikin girmamawa ga malamanmu da yayyenmu, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Bari in fara ba wa ƙa'idar haƙƙinta. Malamin firamare da ya kafa ta yana da dalili mai ƙarfi. A gabansa akwai aji cike maƙil da yara masu rubuta “I want to went home” da “She decided to cooking rice”. Maganin da ya fi saurin aiki shi ne a ba su doka gajeriya wadda za su riƙe: bayan “to”, a bar aikatau yadda Allah ya yi shi. Kuma dokar tana aiki a ɗaruruwan jimloli: “I want to go”, “We hope to see you”, “He came to greet his mother”, “It is time to pray”. Duk wanda ya riƙe ta ya tsira daga kurakurai masu yawa. Inda matsala ta shigo shi ne, an ba mu dokar muna yara, muka girma, ba wanda ya dawo ya gaya mana cewa tana da iyaka. Sai muka ɗauki rabin magana muka mayar da ita magana duka.

Ga sauran rabin. Kalmar “to” a Turanci guda biyu ce. Tagwaye ne da aka ɗinka wa riga iri ɗaya, rubutunsu ɗaya, furucinsu ɗaya, amma kowacce da aikinta. Ta farko alama ce kawai da ake ajiyewa a gaban aikatau, ba ta ɗauke da wata ma'ana ta kanta. Ita ce ke cikin “to go” da “to eat”, kuma a kanta dokar malaminmu take. Ta biyu kuwa tana da ma'ana, kusan “zuwa” ko “ga” a Hausa. Ita ce ke cikin “I travelled to Sokoto”, “Give it to Musa”, “Listen to the radio”. Wannan ta biyun ’yar gidansu “in” ce da “on” da “at” da “for” da “after” da “without”, kuma duk ’yan gidan nan halinsu ɗaya: suna ne ke bin bayansu. Masana tarihin harshen sun nuna cewa ta farkon ma daga ta biyun ta samo asali, fiye da shekara dubu da suka wuce, a tsohon Turanci. Daga baya ne suka raba hanya. Kama da wane dai ba ta wane ba ce.

To, idan mutum yana son ya ajiye wani aiki a gurbin da suna kaɗai ke zama, yaya zai yi? Turanci ya tanadi hanya: a liƙa wa aikatau “-ing”, nan take ya zama suna. Kullum muna yin haka ba tare da gardama ba. Muna cewa “after eating”, “without asking”, “good at driving”, “Thank you for coming”. Ban taɓa jin wanda ya ce “Thank you for come” shi ne daidai ba. Abin da ya halatta “coming” bayan “for” shi ne ya halatta “hearing” bayan “to” ta biyu, domin “for” da wannan “to” ɗin jinsinsu ɗaya.

Wanda ya zauna a zaure ya karanci nahawun Larabci zai gane batun nan da wuri. A cikin Ajurrumi, littafin Ibn Ajurrum na Fas wanda ya rasu a 1323, tun a farko ake koya wa ɗalibi cewa ɗaya daga cikin alamomin da ake gane suna da su ita ce shigar harafin jarra a kansa. Harafin jarra ba ya hawa kan fi'ili kai tsaye. In ana son ma'anar aiki a bayansa, sai a kawo masdari. “To” ta biyu harafin jarra ce, kalma mai “-ing” a irin wannan gurbi kuma masdari ce. Ɗalibin da ba zai yarda ya ɗora harafin jarra a kan fi'ili a Larabci ba, bai kamata ya yarda ya yi haka a Turanci ba.

Sai tambaya ta gaba: ta yaya za a san wacce “to” ce a cikin “look forward to”? Akwai gwaji mai sauƙi wanda kowa zai iya yi a zaune. Ka ɗauki suna zalla ka ajiye a bayanta, ka saurara. “I look forward to the holiday.” Ta zauna lafiya. “We look forward to your reply.” Ta zauna. “The children are looking forward to Sallah.” Babu inda ta yi tuntuɓe. Yanzu gwada da “want to”: “I want to the holiday.” Kunne ya ƙi ta nan take. Ke nan “to” ɗin da ke cikin “look forward to” mai karɓar suna ce, wadda ke cikin “want to” kuwa ba ta karɓa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, mutumin da ke soke “hearing” shi da kansa yakan rubuta “I look forward to your favourable response” a tasa wasiƙar. Ya riga ya yarda suna ne ke zuwa a wurin. Saura kawai ya yarda cewa idan aiki zai shiga gurbin, sai ya sa rigar suna.

Akwai shaida ta biyu a cikin yadda ake tambaya. Bature yakan ce “What are you looking forward to?” Kalmar “what” tana tambayar abu ne, wato suna, “to” kuma ta tsaya a ƙarshe tana jiransa, kamar yadda take tsayawa a “What are you listening to?” Ba mai cewa “What do you want to?” ya yi shiru, domin wannan “to” ɗin aikatau take jira.

Wanda hujjar hankali ba ta ishe shi ba, ga littattafai nan. Ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci, wanda kusan kowane ɗakin malamai a Nijeriya yana da kwafinsa ko da ya yage, aikin A. S. Hornby ne tun asali. Hornby ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, a can aka fara buga ƙamus ɗin a 1942, kafin Oxford ta fitar da shi a 1948. Abin da ya bambanta shi da sauran ƙamusoshi shi ne, bayan ma'ana, yana nuna irin kalmar da ke bin kowace kalma a jimla, domin ya san a nan baƙon harshe ke faɗuwa. A buɗe shi a ƙarƙashin “look”, a nemo “look forward to”, za a ga suna ne ko “-ing” ke bin ta. Littafin Michael Swan mai suna Practical English Usage, wanda ya fara fitowa a 1980, ya yi bayanin “to” ɗin nan biyu a fili. Haka ma English Grammar in Use na Raymond Murphy, wanda Cambridge ta buga a 1985. Duk bakinsu ɗaya a kan wannan batu.

To, me ya sa kuskuren ya yi mana katutu haka? Bayan dokar firamare, ina ganin harshenmu ma yana da hannu a ciki. Bahaushe yana da hanya biyu. Yana iya cewa “Ina ɗokin ganinka”, yana kuma iya cewa “Ina ɗokin in gan ka”, duka biyun Hausa ce mai kyau. Idan ya zo rubuta Turanci, ta biyun ce ke fara zuwa masa, “in gan ka” ta zama “to see you”. Amma Turanci a wannan gurbi hanya ɗaya kawai ya buɗe, wadda ta yi daidai da “ganinka”. Duk wanda zai rubuta jimlar, ya tuna “jin amsarka”, “ganinka”, “haɗuwa da ku”, zai ga “hearing” da “seeing” da “meeting” sun zo da kansu.

Wannan fahimta ba a kan jimla ɗaya ta tsaya ba. Ita ce ke warware wani ruɗani da ya fi wannan yaɗuwa, wato na “used to”. “I used to drive a lorry” na nufin a da nakan tuƙa babbar mota, yanzu na daina. A nan “to” ta farko ce, aikatau tsurarsa. “I am used to driving at night” kuwa na nufin na saba da tuƙin dare. A nan “to” ta biyu ce, kuma gwajinmu ya tabbatar: ana cewa “I am used to the heat”, na saba da zafi. Dubi yadda Hausa ma take yi. Muna cewa “na saba da cin tuwo”, ba mai cewa “na saba da ci tuwo”. Ɗan “am” ɗin nan shi ne ya raba jimlolin biyu, ya raba ma'anarsu. Ga kuma wani abin lura: mai son ya ce “nakan je kasuwa ranar Laraba”, abin da har yau yake yi, sai ya ce “I usually go to the market on Wednesdays”. In ya ce “I used to go”, ya sanar da mai sauraro cewa ya daina zuwa.

Sauran maganganun da ke tafe da “to” ta biyu suna da yawa, kuma yawancinsu a takardun ofis da jawaban shugabanni suke yawo. “We are committed to serving the people.” “They objected to paying the levy.” “With a view to improving the school.” “In addition to teaching, she farms.” “When it comes to cooking, nobody beats her.” “He devoted his life to helping orphans.” “I prefer walking to riding.” A kowacce, cire kalma mai “-ing” ka sa suna, za ka ga jimlar ta tsaya da ƙafafunta: “committed to peace”, “objected to the levy”, “in addition to his salary”.

Adalci ya sa in faɗi cewa gwajin nan ma yana da iyakarsa, kada mu fita daga wata rabin doka mu faɗa wata. Akwai kalmomi kaɗan da ke hulɗa da tagwayen duka biyu. Ana cewa “He agreed to the terms”, ana kuma cewa “He agreed to pay”, kuma duka daidai ne. A irin wannan wuri ƙamus ne alƙali. Amma “look forward to” ba ta cikin masu fuska biyu. Hanyarta ɗaya ce.

Tunda mun zo nan, bari mu duba yadda ake sarrafa ta, domin bayan batun “-ing” akwai wasu ramukan. Ma'anarta jira ne mai haɗe da ɗoki da marmari, saboda haka abin farin ciki ake faɗa wa ita: biki, hutu, amsar wasiƙa, haɗuwa da aboki. Ta bambanta da “expect”, wadda tsammani ne kawai, mai daɗi ko mara daɗi, ta kuma bambanta da “wait for”, wadda zaman jira ce zalla. Likita yana iya cewa “We expect more cases of malaria in the rainy season”, amma in ya sa “look forward to” a wurin, ya ce yana murna da zuwan zazzaɓi. Idan aka kore ta, sai ta nuna fargaba ko rashin so: “I am not looking forward to the journey” na nufin tafiyar nan ba ta kwanta mini ba.

A wasiƙar hukuma, kamar ta neman aiki ko ta neman tallafin karatu, an fi rubuta “I look forward to hearing from you” dab da “Yours faithfully”. Tsakanin abokai da ’yan'uwa kuwa “I'm looking forward to seeing you” ta fi daɗin ji. Idan kai za a yi wa aikin, sai ka ce “I look forward to being invited for an interview”. Idan abin ya wuce, ɓangaren “look” ne kaɗai ke sauyawa: “We were looking forward to meeting him, but he did not come.” Abubuwa biyu kuma a kiyaye su. Kada a musanya “to” da “for”, a ce “look forward for your reply”. Kada kuma a fara jimla da “Am looking forward”, domin “am” ba ta tsayuwa sai tare da “I”.

Na san akwai masu cewa sun sha ganin “look forward to hear” a takardu masu hatimi da sa hannun manya. Gaskiya ne, ni ma na gani. Sai dai takardar ofis mutum ne ya rubuta ta, shi ma kuwa dokar firamaren nan ya haddace. Yawan masu kuskure yana nuna yadda kuskuren ya yaɗu, iyakarsa ke nan.

Wasu kuma za su ce Turancin Nijeriya ai Turanci ne mai zaman kansa, a bar mu da namu. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Farfesa David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos, ya rubuta littafi guda a kan Turancinmu, Nigerian English Usage, a 1991. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya, ciki har da “okada” da “danfo” da “Kannywood”. Abin alfahari ne. Amma waɗannan kalmomi ne da muka ƙirƙira don abubuwan da ke gare mu waɗanda Bature ba shi da sunansu. “Look forward to hear” ba ta cike wani gurbi ba, ba ta kuma ƙara wata ma'ana ba. Sannan masu duba jarrabawar WAEC da NECO, da ma'aikatan jami'o'in waje masu karanta takardun neman gurbin karatu, ba su karɓe ta ba. A takardar insha'i ta WAEC, wadda rubutun wasiƙa ke cikinta, akwai kaso na maki da aka ware don tsabtar nahawu da rubutu, kuma kowane kuskure yana rage shi.

Masu cewa “ai an gane abin da ake nufi” ma sun faɗi gaskiya. Za a gane. A hira ta baka ba wanda zai tsayar da kai. Amma damuwata a wani wuri take. Na taɓa tsayawa a wani shagon buga takardu, wata yarinya da ta gama karatun jinya ta kawo takardar neman aiki da ta rubuta da hannu. Rubutun tsaf, kuma a ƙasa ta sa “I look forward to hearing from you”. Saurayin da ke kan kwamfuta ya kai nan, ya tsaya, ya ɗago kai ya ce, “Ƙanwata, bayan ‘to’ ba a sa ‘-ing’, bari in gyara miki.” Ta yi murmushi cikin jin kunya, ta ce, “To, Yaya, na gode.” Ta zo da daidai, aka karɓe mata, aka ba ta kuskure, har ta yi godiya. Da na sa baki, saurayin bai yi gardama ba. Ya buɗe ƙamus a wayarsa, ya duba, ya mayar da “hearing” wurinta. Illar rabin doka ke nan: ba ta tsaya ga mai ita ba, tana sa shi ya rushe abin da wani ya gina daidai, ta kuma sa mai gaskiya ya fara shakkar kansa. Layin nan shi ne na ƙarshe da mai ɗaukar aiki zai karanta kafin sa hannu, kuma mutanen da ke tace takardu masu yawa ba sa rasa ƙaramin dalilin ajiye wata a gefe.

Kirana na farko ga malamanmu ne na Turanci, musamman na ƙaramar sakandare. Kada ku jefar da dokar, tana da amfaninta. Ku dai ƙara mata jimla ɗaya: “to” biyu ce, ɗaya aikatau take so, ɗaya suna. Ku rubuta “I want to go” da “I look forward to going” a kan allo gefe da gefe, ku sa yara su gwada ajiye suna a bayan kowacce. Darasi ɗaya ya isa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kira na biyu ga masu buga takardu da sakatarori da duk wanda ake kawo wa rubutu ya duba: amana aka ba ku, kafin ku soke kalmar wani ku buɗe ƙamus, yanzu yana cikin wayar kowa.

Kai kuma mai karatu, in ka zo rufe wasiƙarka ta gaba, rubuta “I look forward to hearing from you” hankalinka kwance. In wani ya ce zai gyara maka, ka gode masa da ladabi, sannan ku buɗe ƙamus tare. Matambayi ba ya ɓata.